Fiyanon da Hajiya Aina'u ta yarda da shi

Gidan hayar Hajiya Aina'u da ke Sharada doka ɗaya gare shi, kuma ba a wasa da ita: da rana ba a tashin mai barci. Rabin 'yan hayarta aikin dare suke yi a kamfanoni, sai gari ya waye su dawo idanu jajur su zube. Wanda ya hana su runtsawa, ko ɗan wane ne, Hajiya za ta nuna masa ƙofa.

Abdulbaqi, mutumin Kazaure da ke aiki a kamfanin tabarmar roba, shi ne ya taka dokar. Mutum ne mai ladabi, ba ya wuce Hajiya bai durƙusa ba, amma Allah ya jarabce shi da son kiɗa. In ya taso aiki da azahar sai ya zauna gaban wani tsohon fiyano mai sifika, yana haɗa wa mawaƙan unguwa kiɗa. Bangon da ya raba shi da Ɗan'auta, wani Badamagare mai aikin dare, bulo ne siriri. Sau biyu Ɗan'auta yana kai ƙara. A na uku sai ya zo da filonsa a hammata.

"Hajiya, ko dai ni ko gangar nan. Jiya saura kaɗan inji ya cinye min yatsa don gyangyaɗi."

Hajiya ta sa aka kira Abdulbaqi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba.

"Kai ɗan nan, ba na ƙin ka. Amma yatsan mutum ya fi kiɗanka. Ko abin nan ya bar gidan nan, ko ku bar shi tare."

Ya sunkuyar da kai ya ce akwai wani irin fiyano da ake kira midi, shi ba ya ƙara ko kaɗan. Da kwamfuta ake haɗa shi, sautin ya tafi kunnen mai kiɗan kawai. Da ma ya daɗe yana tarin kuɗin sayensa.

"Fiyanon da ba ya ƙara," in ji Hajiya. "Ni za ka yi wa wayon 'yan birni? To, ƙafata ƙafarka. Sai kunnena ya shaida."

Ranar Asabar suka hau adaidaita sahu zuwa Bompai, suna kutsawa tsakanin tireloli, har wani shago da ke bayan manyan sito-sito. Mai shagon, Muhyiddeen, yana ganin dattijuwa da carbi ya miƙe ya ba ta kujera.

"Hajiya, ku ma waƙar za ku fara?"

"In na fara kai zan soma yi wa zambo. Fito da kayanka."

Ya fito da guda uku. Na farko ɗan ƙarami ne, Abdulbaqi ya ɗora hannu biyu ya ga madannan sun ƙare masa, ya ture shi. Na biyu kuwa ya tafi da hankalinsa: fitilu ja da kore, maɓallai birjik kamar gaban motar alhazai. Aka haɗa shi da kwamfutar da Abdulbaqi ya zo da ita, ya sa hedifon a kunne, ya fara kaɗa kai yana murmushi. Hajiya ta kasa kunne. Gaskiya ne, babu kiɗa. Amma ba ta gamsu ba, don titin Bompai ba wurin jin ƙaramin motsi ba ne.

"Ina ɗakin ajiyarka?" ta tambayi Muhyiddeen.

Ya nuna mata. Ta ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ta ji kaurinsa bai wuce na gidanta ba. Ta sa aka kai tebur can ciki, aka rufe ƙofa, ita kuma ta jingina kunnenta da bangon daga waje, kamar yadda kan Ɗan'auta yake jingine da nasa bangon in ya kwanta.

"Buga! Yadda kake yi in abin ya motsa maka, ba na ganin idona ba."

Sai ga shi kuwa: ƙwas, ƙwas, ƙwaras, kamar ana ɓarar gyaɗa a faranti. Madannan na roba ne fanko, kowace in ta sauka sai ta yi tsawa.

"Wannan ba bebe ba ne, gulmamme ne. A fitar da shi."

Fuskar Abdulbaqi ta sauya. Ya ce, "Hajiya, ku duba fitilun nan fa."

"Fitila za ka kwana a ciki ko ɗaki?"

Muhyiddeen yana dariya ya ɗauko na ukun, baƙi, mai nauyi, babu ado ko ɗaya. Abdulbaqi ya karɓa ba da son ransa ba, aka haɗa masa a ɗakin ajiyar aka sake rufe ƙofa. Amma da ya fara taɓawa sai ya gyara zama. Ya danna a hankali, ya ji sautin ya fito a hankali. Ya danna da ƙarfi, ya tashi. Ya bi madannan ɗaya bayan ɗaya tun daga hagu har dama, babu wadda ta maƙale. Ya girgiza wayar da ta haɗa shi da kwamfutar a inda ta shiga, ba ta yi lako-lako ba. Muhyiddeen ya zare filogin shagon gaba ɗaya don ya nuna masa: daga kwamfutar yake shan wutarsa, ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba.

Hajiya dai tana can manne da bango. Da ta gaji ta ɗaga murya.

"Wai ba za ka fara ba ne? Ina da abin yi a gida."

Ƙofa ta buɗe, Abdulbaqi ya leƙo, haƙora duk a waje. "Hajiya, ai tun ɗazu nake yi."

Shi suka ɗauko.

Kwanaki suka shuɗe, gidan Sharada tsit da rana, ba ka jin komai sai gurnanin injinan kamfani daga nesa da munsharin Ɗan'auta. Wata la'asar Hajiya ta yi sallama a ƙofar Abdulbaqi. Ya miƙe da sauri, yana zaton korarsa ta zo yi.

"Zauna. Ɗaki naka ne, ba wannan ya kawo ni ba. Ni dai ba a yin abu a gidana ban san mene ne ba. Miƙo abin kunnen nan."

Ta ɗora hedifon a kan ɗankwalinta, ta zauna bakin katifa tana ɗaure da fuska. Ya zaɓo muryar kalangu ya fara. Can sai ga babban yatsan ƙafarta yana motsi a kan leda. Da yake kunnuwanta a toshe suke, ba ta san ƙarfin muryarta ba, sai ta kwarara:

"Kai! Wannan ai kiɗan mahauta ne! Haka ake yi mana shi a Challawa muna 'yan mata! Ƙara sauri!"

Bango ya amsa, dum, dum, dum. Muryar Ɗan'auta ta biyo baya cikin magagi: "Wallahi yau sai na kai wa Hajiya ƙara!"

Abdulbaqi ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Hajiya ta zare abin daga kunne ɗaya, ta gane abin da ya faru, ta harare shi har ya nutsu. Sannan ta mayar da shi kunnenta, ta yi masa alama da hannu ya ci gaba.