Baba Jibrin Bai Ji Ya Mutu Ba

...kuma har yanzu yana kan bencin, Baba Jibrin, tun daga Hawata, da sandarsa da takardarsa a leda, na'urata kuwa ta dage wai ya rasu bara. To wa ke tari a bakin ofishina?

Ustaz Abdelrahman ne ya jawo, shugaban ƙungiyar manoman nan ta Gadarif, shi ya matsa... a'a, Rabi'atu, daina. Ke ce.

Ƙofa ɗaya na ce musu. Rumbun sunaye ɗaya, ƙofa ɗaya ta intanet, kowa ya aiko tambaya iri ɗaya ya karɓi amsa iri ɗaya — masu rabon iri, masu tarakta, ɗakin magani. Ba sai kowa ya gina nasa ba. Har tafi aka yi mini! Ina ta gyara mayafi ina jin kaina.

Sai sunaye suka fara maimaituwa. "Ki share mana tarkacen nan kafin damina," in ji Ustaz. Layi biyu na rubuta: suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, mutum ɗaya ne, a haɗe. Halas, shi ke nan.

Ranar haihuwa! Wace ranar? Duk tsohon da aka haifa a ƙauye likita ne ya dube shi ya ƙiyasta shekarunsa, aka rubuta ɗaya ga watan ɗaya. Akuyar Gadarif ma ta san wannan. Takardar Abbana na cikin akwatin Inna, ɗaya ga watan ɗaya, muna yara muna tsokanarsa wai tare aka haife shi da 'yancin Sudan... na sani! Sunayen fa? Mu da muke mayar wa jika sunan kaka, gida uku Jibrin biyar. A ina na bar hankalina, a Khartum?

Wani Jibrin ne ya rasu, na Ƙala'at an-Nahal, Allah ya jiƙansa. Na haɗe su, mamacin ya ja mai rai.

Abin da ke ƙona mini rai, ƙofar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Masu iri suka tambaya — ya rasu. Masu tarakta — ya rasu. Ɗakin magani, inda yake karɓar na sukari — ya rasu. Da a littafi ne wuri ɗaya zai mutu, magatakarda ya ɗaga kai ya gan shi, ya soke da biro.

Kuma ban gina hanyar dawowa ba. Ƙarawa, nema, gyara, sharewa... tashin matattu fa? Da gangan na toshe, kada wani ya tayar da mamaci ya cinye irinsa. Wayo ke nan, wai!

Alhamis ake rufe rabon irin riɗi. Yau Talata. Ruwa biyu ya sauka, baƙar ƙasar nan in ta jiƙe jaki ma ba ya shiga, balle tarakta. In bai shuka makon nan ba shekararsa ta tafi.

"'Yata, ki duba da kyau. Ni dai ban ji na mutu ba." Haka Baba Jibrin ya ce mini ɗazu, ko fushi bai yi ba. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ma'alesh, ba komai, zan sa shi da hannu, sabuwar lamba, in ba a ɗauke wuta ba. Shi ɗaya ne. Shi ɗaya ne? Bari in tambayi rumbun... nawa na haɗe?

Ɗari huɗu da goma sha biyu.

Tsohon kwafin rumbun... na goge watan jiya, wuri ya cika. Ya Salam. Ban san wanda na bari ba, ban san wanda na shafe ba. Suna can Fashaga, suna can Hawata, an ce musu babu sunanku, sun ce haka Allah ya so, sun juya gida. Baba Jibrin ne kawai ya iya hawo mota ya zo.

Ya sake sallama. Na miƙe na nufi ƙofa.