A Yi Masa Shiru

Shekara biyu ke nan keken Baba yana ƙara, ƙwar-ƙwar-ƙwar, can cikin ƙafar gaba, a ƙarfunan nan biyu masu shanye gargada da masu gyara ke kira shokozoba. Kowa a gidan ya saba. Inna ma cewa take da ƙarar take sanin lokacin ɗora masa ruwan wanka. Auta kaɗai ta ƙi sabawa. Tun da ta gama kwalejin koyon sana'a aka laƙaba mata Injiniya, kuma da zolaya ake faɗa.

Kullum da safe Baba yakan sauka doguwar gangarar bayan layinsu zuwa ma'aikatar ruwa inda yake gadi. Auta takan tsaya bakin ƙofa tana bin ƙarar da kunne har ta narke cikin hayaniyar titi. A tsayen nan, ido biyu, takan hango a ranta tayar gaba ta rabu da keken ta ci gaba da tafiyarta a hankali, rana tana wasa a ƙarafunanta, Baba kuwa yana sama cikin iska da hularsa. Sai ta girgiza kai ta koma ciki.

Ba wai ba a kai keken gyara ba ne. Ana kai shi wurin wani dattijo a mahaɗar titi, wanda ake kira Mai Shiru. Sai dai Baba bai taɓa cewa a gyara ba. Yakan jingine keken ya ce a ɗan yi masa shiru. Dattijon ya yanko guntun tsohon tiyub, ya cusa, ya lafta giris, a samu sati uku na kwanciyar hankali. Haka layin yake da komai. Famfo na yoyo a naɗe shi da leda, bango ya tsage a jawo kabad a rufe, kowa ya kwanta yana godiya.

Ranar Asabar da hantsi Baba na kishingiɗe a ɗaki, Auta ta je mahaɗar titi aron sifanar kwance noti. Mai Shiru ya dube ta ta saman tabarau, ya tuna mata cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

"Gaskiya ne, Kawu," in ji ta. "Amma babba ya hango sai ya cusa masa roba."

Ya yi dariya ya miƙa mata, sannan ya biyo bayanta, wai sifanarsa ba ta saba kwana waje ba.

A tsakar gida ta kwance murfin da ke saman ƙarfen dama. Ta zura waya ta jawo roba ɗaya, baƙa, ta jiƙe da giris. Ta jawo wata. Suka yi ta fitowa kamar ba za su ƙare ba, tana jera su a kan siminti, kowace ɗaya zuwan Baba guda. Goma sha ɗaya. A ƙarƙashinsu sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa, ya karye gida biyu, tsatsa ta ci bakinsa. Ta kifa keken ta taɓa notin da ke riƙe ƙarfen daga ƙasa. Da yatsa biyu ya juya, ya faɗo a tafin hannunta.

Mai Shiru ya karɓi notin ya jujjuya shi. Daga baya ya ce, a hankali, shi dai abin da aka ce ya yi ya yi.

"Ni na ce," in ji Baba daga bakin ƙofar ɗaki. Ba wanda ya san tun yaushe yake tsaye.

Dattijon ya fita, ya dawo da sifirin da ya zaro daga gawar wani keke a rumfarsa. Tare suka wanke ƙarfen da kananzir, shi yana riƙe, ita tana ɗaure noti har sifana ta tsaya cak. Ta tayar da keken ta danna kansa, ya nutse ya taso ba ko tari.

Ranar Litinin ta tsaya bakin ƙofa kamar kullum, amma babu abin bi da kunne, dole ta fito har bakin gangara. Baba na sauka kamar kwale-kwale a ruwa mai kwanciya, rigarsa ta cika da iska, taya biyu suna tafiya tare. Ta tsaya har ya zama ɗigo, ɗigon ya sha kwana.

Da yamma Inna ta razana da jin sallamarsa a kanta, ruwa ko murhu bai gani ba. Ta ce keke ya koma ɓarawo. Baba ya ce shi ma ya yi kewa, abokin hirarsa ya ɗauke masa magana. Ya jingine keken, ya ɗan juya feda baya, ya karkata kunne.

"Injiniya, sarƙar nan ta fara kuka. A ɗan yi mata..." Ya dakata, ya dubi robobin da har yanzu ke jere a gindin bango. "Zo ki ji me take cewa."