Malam Mai Gemu

Mutumin da hotonsa ke jikin tsohuwar zinariyar yana da gemu mai lanƙwasa da hanci kamar an ja shi da zare. A gidansu Husseina, Malam Mai Gemu ake kiransa. Tun daga kakar kakarta a Damagaram, babu amaryar da ta fita ba tare da shi a wuya ba, domin an ce wani waliyyi ne na dā.

Husseina kuwa ta san ko wane ne. Tarihi take karanta a jami'a a Alƙahira, kuma ta taɓa ganin fuskar nan a aji, sai da ta kusa faɗowa daga kujera. Ta ja bakinta ta yi gum, don ta san halin mahaifiyarta, Hajiya Asama'u: idan ta ji ba waliyyi ba ne, narka shi za ta sa a yi. Ita kuwa Husseina tana son tsohon nan har ranta.

Ana saura kwana kaɗan bikinta ita da Hajiya suka je shagon Isam maƙerin zinariya a unguwar Ard al-Liwa, nan Alƙahira inda suke zaune, don a sa masa sabuwar sarƙa. Isam ya ɗaga shi ya duba.

"Hajiya, wannan ai kuɗin Rumawa ne. Kuma hujin nan ya rage masa daraja. Ko in narka miki shi, a yi 'yan kunne?"

Hajiya ta juyo a hankali. "Husseina, ke ce mai karatun mutanen dā. Wane ne wannan?"

"Sarkin Rum ne, Inna. Hadiriyan sunansa."

"Yana salla?"

"An yi shi tun kafin zuwan Musulunci. Gumaka suke bauta wa."

Hajiya ta karɓi zinariyar, ta daɗe tana kallon gemun da kakanninta suka shafa har ya fara gogewa.

"Kai, amma ka iya ɓad da kama," ta ce wa mai gemun. Sai ta dubi Husseina. "Ya taɓa zuwa Masar?"

"Ya zo, har ya bi kogin Nilu a jirgin ruwa."

"Ashe baƙo ne irinmu." Ta miƙa wa Isam. "Khalas, shi ke nan, sa masa sarƙar. Malantar dai mun tuɓe shi. Amma mutumin da ya raka matan gidanmu kaf ɗakunansu bai taɓa tambayar tukuici ba, ba a kan 'yata zai ajiye aiki ba."