Goron Gayyatar Gwaggo 'Yardada

Saura kwana uku bikin karɓar sababbin mambobi, Sa'ida ta duba jerin waɗanda suka amsa gayyata a wayarta. Cikin dattawa ɗari biyu da aka aika wa kati, mutum goma sha ɗaya ne kacal suka ce za su zo.

Sa'ida ita ce sabuwar shugabar Ƙungiyar Zaratan Ɗaliban Kasuwanci, wadda ba mai shiga sai wanda ya yi zarra a jarrabawa. Shekara goma sha takwas ke nan da Malam Ashafa ya kafa ta a zaurensa na Gwammaja, da ɗalibai tara a kan tabarma ɗaya. Yau ga rassa a manyan makarantu goma sha huɗu, har Zariya da Katsina da Dutse. Duk da wannan bunƙasa, akwai al'ada guda da ba a taɓa ba. Lambar ƙungiya ba malami ke maƙala wa ɗalibi ba, sai wanda ya fara koya masa sana'a, ko kawu ne mai shago a kasuwar Kwari, ko uwa mai tuyar awara. In ba su zo ba, to babu biki. Ita kanta Sa'ida, lambar shugabancinta hannun Gwaggo 'Yardada take jira, ƙanwar mahaifinta da ta riƙe ta tun rasuwar uwarta, ta koya mata haɗa turaren wuta.

Ta tari a-daidaita-sahu sai Ƙofar Mazugal. Ta iske Gwaggo a tsakar gida tana fifita garwashi, kuma da me? Da katin nan mai ruwan zinare da kwamiti ya sha wahalar tsarawa da Turanci!

"Gwaggo, da katin kike fifita?"

"Yana da ƙwari, ba laifi."

"To za ki zo ran Asabar ɗin ko?"

Gwaggo ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ina fa? Wa ya gaya mini? Wani mai babur ne ya miƙo takarda ta bakin zaure, ko sallamar kirki bai yi ba ya ƙara wuta."

Kafin Sa'ida ta ce uffan, tsohuwar ta ɗauki kaskonta ta shige ɗaki. Wallahi abin ya yi wa Sa'ida ciwo, har idonta ya ciko da ƙwalla.

Daga nan ba ta zame ko'ina ba sai Gwammaja. Malam Ashafa ya daɗe da yin ritaya, ido ya yi rauni, amma bakin nan nasa yana nan daram. Da ya gama jin labari ya yi dariya har da tari.

"Kai, 'yan boko! Kun karanta yadda ake jawo mai saye a Landan, kun manta yadda ake gayyatar tsohuwa a Yakasai. 'Yata, a birnin nan kati tuni ne kawai. Babba zuwa ake yi, a tuɓe takalmi, a durƙusa, a ajiye masa goro. Shekarar farko ni da kaina na bi gidajen nan a kan Besfa."

"Malam, gida tara ne lokacin. Mu kuwa ɗari biyu, ga kwana uku ya rage."

"Ku nawa ne a ƙungiyar yanzu, da tsofaffin ɗalibai?"

"Mun haura dubu uku."

"To yawan naku na ado ne? Hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka."

Tun a bakin zauren ta fara buga waya. Kafin la'asar an raba sunaye unguwa-unguwa, gari-gari. Nura, manajan banki guda, aka gan shi da babbar riga yana lalubar lungun wani baduku a Yakasai. Husaina, mai kamfanin ɗinki, ta rufe shago ta ɗauki gida shida ita kaɗai. 'Yan Zariya da Katsina da Dutse suka bi nasu. Ba wanda ya ce ba shi da lokaci, don kowannensu bai manta hannun da ya maƙala masa tasa lambar ba. Zuwa azahar ɗin Juma'a saura gida ɗaya tak, kuma Sa'ida ta ce ba mai je mata shi.

Ta sayi goro fari da ja ta ɗaure a ganye. Ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa a gaban Gwaggo, kamar ba nan ta tashi ba.

"Gwaggo, na zo ne in gaya miki. Gobe za a ba ni shugabanci, kuma ba na son hannun kowa ya sa mini lambar nan sai naki. Duk abin da na zama, a gindin kaskon nan na fara. Na gode, Allah ya saka miki da Aljanna."

Gwaggo ta jawo ƙunshin goron gabanta. Ta kwance ganyen, ta ɓare goro ɗaya ta gatsa. Sannan ta miƙe ta buɗe adakarta, ta fito da sabon leshi ruwan ƙasa, ɗinkakke, an goge shi, yana ta ƙamshin turaren da ba ta sayar wa kowa.

Sa'ida ta zaro ido. "Gwaggo, yaushe kika yi wannan?"

"Ranar da mai babur ya kawo takardar nan na kai wa tela." Ta share ido da bakin zani. "Ja'ira kawai. Sati uku ina zaune ina jiran ki shigo ki faɗa mini da bakinki."