Hukuncin Mai Leƙen Katanga

Barci ya sace Mai Shari'a Balaraba a kan darduma bayan azahar, a ofishinta na kotu, zuciyarta a cunkushe. Washegari za ta yanke wa wani tela hukunci, Tanimu, wanda shagonsa ya jingina da katangar makarantar 'yan mata. Ya huda katangar yana leƙen yara, har yana ɗaukar hotonsu da waya. Laifi ya tabbata. Amma tun safe manya ke sintiri a wurinta, kawunsa da mai unguwa har da aminin mijinta, kowa na cewa ai kallo ne kawai, bai taɓa kowa ba, a ci shi tara a rufa asiri. Ita kuma ta fara karkata.

Sai ga ta a ƙofar wani babban birni, wata dattijuwa mai farin mayafi ta riƙo hannunta. "Taho, 'yata, an ce in zaga da ke birnin hukunci."

Balaraba ta shiga tana sauraron inda kururuwa za ta ɓullo, sai dariya ta tarye ta. Wani makeken fili ne cike da yara. Maza na langa, mata na gaɗa, wasu na dawowa daga wanka da bokitai a ka suna waƙa, babu mai waiwaye. Iyaye na zaune a inuwa suna kitso da hira. A tsakiyar da'ira ta hango Hassatu, yarinyar da uwarta ta kawo ƙarar Tanimu, wadda ta daina zuwa makaranta, wadda a kotu ko kai ba ta iya ɗagawa. Ita ce ke ba da waƙa, muryarta tar.

Ta tambayi dattijuwar ko sun ɓata hanya ne. Dattijuwa ta yi murmushi. "Nan ne tsakiyar birnin. Duk hukuncin da za ki gani, don wannan dariyar aka yi shi."

Suka bi wani lungu a bayan filin. A nan ta ga masu leƙe, kowanne a ɗakin da ba bango ba labule, idanu sun kewaye shi ta ko'ina ba sa ƙiftawa. Duk wanda ya duba wayar hannunsa, fuskar mahaifiyarsa yake gani tana kallonsa. Gaba kaɗan ga masu cewa a rufa asiri, sun tuɓe manyan rigunansu suna toshe wata huda a katanga, suna toshewa tana ƙara buɗewa. Ga kuma waɗanda aka ɗora wa sa ido a kan mai laifi bayan ya fito, suka yi zamansu a ofis. Yanzu suna tafe a rana suna neman gidansa, gidan na ja da baya.

A ƙarshen lungun aka jera alƙalai a kan kujeru. Yaran da suka bar makaranta saboda tsoro suna wucewa ta gabansu shiru, kowane alƙali kuma dole ya kira sunan kowace yarinya, ya maimaita mata cewa kallo ne kawai. Harshensu ya yi nauyi, amma ba a yarda su yi shiru ba. Kujera ɗaya ba kowa, sai wani tabarau a kanta. Balaraba ta gane nata ne.

"Ba a zauna a kanta ba tukuna," in ji dattijuwa, ta ja ta gaba.

Suka fito wani lambu mai nisa da filin yara. Maza ne ke ban ruwa, wasu na ɗinki, wasu na sassaƙa. Dattijuwa ta ce waɗannan sun yi zaman gidan yari sun gama, an share hotunan da suka ɗauka, an hana su sana'a kusa da makaranta, kuma akwai mai zuwa duba su a kai a kai. Balaraba ta tambaya ko wannan ba tozarci ba ne ga wanda ya riga ya biya laifinsa. Sai wani daga cikinsu ya ajiye gatarinsa ya ce, "Ranki ya daɗe, tun da aka fara duba ni nake barci. Da an sake ni haka nan, da na koma."

Da suka dawo filin, an shimfiɗa tabarmi ana karrama mutane: uwar da ta ƙi yin shiru, malamar da ta gaskata yarinya, ma'aikacin da takalminsa ya cinye don zuwa duba waɗanda aka sallama. Mata na rangaɗa guɗa. Yara suka yanyame Balaraba suka ja ta cikin da'ira, ta tsinci kanta tana tafi tana dariya kamar ba ita ce mai shari'a ba.

Kiran la'asar ya farkar da ita. Fuskarta jiƙe da hawaye, amma ƙirjinta sakayau. Ta daɗe zaune tana istigfari. Ta ƙudurta cewa Tanimu zai yi zaman da doka ta tanada, kuma ranar fitowarsa ba ita ce ƙarshen aikin ba.

Magatakarda ya ƙwanƙwasa, ya ce baƙin safe sun dawo suna jira. Ta miƙe tana gyara ɗankwali.

"Ka ba su haƙuri, Malam Ɗanjuma, mu haɗu gobe a zauren kotu. Ka kira min jami'in walwala yanzu. Ina so in ga fuskar mutumin da zai riƙa takawa da ƙafarsa yana duba telan nan, tun kafin in rufe shi."