Tseren Iyaye da Ƙarfe Biyun Rana

Wata uku na yi ina gudu a hanyar Azuba bayan sallar asuba, duk don tseren iyaye na mita ɗari biyu a makarantar jikata Bilqis. Shekaruna sittin da biyar. Matata Yagana ta ce in bar wa yara, na ƙi.

An ce ƙarfe tara za a fara. Sai ƙarfe biyu aka kira mu, bayan jawabai takwas da babu wanda ya saurara, ga ranar garin Lafiya tana dukan tsakar ka. Ruwan leda ma ya koma kamar shayi. Mu bakwai muka jeru. Na kusa da ni Alhaji Kalilu ne, tsohon daraktana, wanda na shekara ashirin ina riƙe wa jaka.

Aka busa usur. Ƙasa tana ƙona ni ta cikin takalmi, maƙogwarona ya bushe, amma ni ne a gaba. Saura taku goma na ji hakin Alhaji Kalilu a bayana. Wallahi ban yi niyyar komai ba. Ƙafafuna ne suka rage gudu, na ɗan matsa gefe yadda na saba a ƙofar ofis, ya wuce.

Aka ba shi kyautar bokitin roba. Ni kuwa na zube a gindin mangwaro, Yagana tana kwara mini ruwa a ka.

"Malam, zafin ne ya karya ka?" ta tambaya.

"Zafin ne," na ce.

Shekarata biyar ke nan da yin ritaya.