Rigar Aikin Baba a Gidan Tarihi

Ranar da Malama Noreen ta gidan tarihi ta sauka ɗakin ƙasa na gidanmu, saura kaɗan ta yi kuka a kan wata tsohuwar rigar aiki. Ni dai ina tsaye a bayanta riƙe da tocila, ina mamakin mutanen da suka yi karatu mai zurfi. Abin da muke ɓoyewa idan an yi baƙi, shi ta zo nema takanas.

A coci aka yi sanarwa cewa gidan tarihin da ke tsakiyar gari zai baje kayan ma'aikatan masana'antun mota, duk mai wani abu na iyayensa ya yi magana. To a garinmu Detroit wa zai rasa? Ni ce na yi karambanin buga waya, na ce akwai rigar Babanmu, Cleophus Broadnax, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗaura injin. Irin rigar nan ce mai haɗe da wando, shuɗiya a da, amma baƙin mai ya cinye ta. Tana rataye a ƙusa tun ranar da ciwo ya kayar da shi a wurin aiki, aka dawo mana da ita a leda. Bai sake komawa ba, bayan wata huɗu ya rasu. Shekara tara ke nan Mama ba ta taɓa ta ba, ba ta kuma yarda wani ya taɓa ba.

"Ku dubi nan," in ji Malama Noreen. Ta nuna cinyar wandon, inda shatin yatsu biyar ya fito ɓaro-ɓaro. "Nan yake goge hannunsa. Wannan tafin hannunsa ne fa! Mun tara riguna sun fi arba'in, babu mai irin wannan. Ita za mu sa a gaba, da an shigo ita za a fara gani." Ta juya ga Mama. "Don Allah, Mama, a bar ta yadda take. Ranar Alhamis zan zo da akwati in ɗauka."

Mama ta gyaɗa kai ta ce, "To, 'yata."

Shekara hamsin da biyu na san wannan "to" ɗin na Mama, amma murna ta rufe min ido.

Kafin Malama Noreen ta kai bakin motarta, labari ya isa Toledo. Mama ta kira Goggo Earlene, ƙanwar Baba da ke zaune a can, ita kuma Goggo ta kira duk wani mai waya a duniya. Ranar Lahadi fasto ya faɗa a gaban jama'a, aka yi ta tafi kamar mu muka gina gidan tarihin. Yayana Lamont, wanda rabonsa da irin wuraren nan tun ranar da makaranta ta kai su kallon ƙasusuwan dabbobi, ya kama bas ɗin coci domin ranar buɗewa. Kujera talatin da shida, cikin kwana biyu suka cika. Mata suka bazama neman sababbin huluna. Ni kaina na ishi abokan aikina a kicin ɗin makaranta, har wata ta ce in na sake cewa "rigar Babana" za ta jefe ni da ludayi.

Ranar Alhamis na iso gidan Mama da sassafe, baki har kunne. Tun daga ƙofa ƙanshin sitaci ya daki hancina.

Ga rigar nan shimfiɗe a kan teburin cin abinci. Shuɗinta ya dawo, ya koɗe amma tas. An ɗinke ramukan da tartsatsin wuta ya yi, an mayar da maɓallin da ya ɓace, karin guga a ƙafar wandon kamar ya yanka yatsa. Tafin hannun Baba kuwa babu ko alama.

"Mama! Me kika yi?"

"Idonki ya mutu ne? Wanki na yi."

"An ce fa a bar ta yadda take!"

"Kwana biyu ina jiƙa ta," in ji ta, tana gyara wuyan rigar. "Man nan taurin kai gare shi irin na mai shi."

Muna cikin haka Malama Noreen ta shigo da dogon akwatinta da farar safar hannu, tana ta fara'a. Da ta kalli teburin sai fara'ar ta ɗauke. Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Can ta ce, a hankali, ai duk nunin a kan alamar da aiki ke bari a jikin tufa aka gina shi, kuma saboda hannun nan aka zaɓi rigar. Yanzu ba ta san abin da za ta gaya wa manyanta ba. Mai yiwuwa su ce ba za a sa ta ba gaba ɗaya.

Nan fa raina ya ɓaci, ni kuma in raina ya ɓaci bakina ba shi da linzami. "Kin ji ko? Mutum talatin da shida za su zo ganin Baba, babu Baba! Abu ɗaya da ya rage mana na hannunsa, kin zuba shi a magudana!"

Mama ba ta ko kalle ni ba. Ta dubi baƙuwar ta ce, "'Yata, kina da miji?"

"A'a, Mama."

"To saurara. Shekara talatin da ɗaya yana dawowa gidan nan kamar an tsamo shi daga cikin injin. A cikinsu babu safiyar da ya fita ƙofar can da ɗigon mai a jikinsa. Riguna uku gare shi, ni ke juya su. Yanzu za ki tsayar da shi gaban duk mutanen garin nan da datti, a ce mijin Ozella ne wannan? Ba da ni ba."

Malama Noreen ta kalli hannayen Mama, da suka yi ja suka tsattsage. Sai ta ce, "Da me kike fitar da man?" Mama kuwa kamar jira take, ta shiga bayani tun daga jiƙo har zuwa guga, ita kuma tana rubutawa. Daga ƙarshe ta sa safarta, ta ɗauki rigar kamar jariri ta kwantar a akwati. "Zan tafi da ita," ta ce, "amma ban yi alkawari ba. Ba ni kaɗai ke yanke shawara ba."

Mako uku ba labari. Duk lokacin da na kira sai ta ce ana kan magana. Ban gaya wa kowa ba, kunya ta hana ni. Tsakanina da Mama kuwa sai gaisuwa.

Asabar ɗin buɗewa, ƙarfe tara na safe bas ya cika maƙil. Goggo Earlene ta zo da hula mai gashin tsuntsu wadda sai da ta sunkuya kafin ta shiga ƙofa. Ƙanshin soyayyar kaza da burodin masara ya cika motar, don mutanenmu ba sa tafiyar minti ashirin babu guzuri. Yaya Lamont yana tuƙi yana cika baki.

"Yau za ku ga ubana a cikin gilashi kamar sarki!"

"Kai dai kalli titi," in ji Goggo. "Kar ka kai mu lahira kafin mu gan shi. Yayana ne kafin ya zama ubanka."

Wata ta ɗauko waƙar coci, kowa ya amsa, ana buga jikin kujeru. Ni ma sai na tsinci kaina ina tafi, rabi murna rabi tsoro. Mama tana kujerar gaba da jakarta a cinya, ta miƙe zam, ko a jikinta.

A bakin ƙofa mai gadi ya ce ba a shiga da abinci. Goggo ta tsaya za ta yi masa wa'azi, da ƙyar aka lallaɓa ta ta mayar da kazarta mota. Muna shiga babban ɗakin sai ƙarar injuna ta tarye mu daga lasifika, irin wadda Baba yake cewa tana bin sa har cikin barci. Ga rabin mota rataye a sama, ga hotuna bango guda. Tsofaffin mazan cocinmu suka rikice kamar yara. Wannan ya ce ga layin da ya yi aiki, wancan ya rantse ƙeyarsa ce a cikin hoto, matarsa ta ce ƙeyarsa ba ta taɓa yin gashi haka ba. Abin ya yi kyau, ba ƙarya, har tsigar jikina ta tashi.

Amma rigar da ke gaba ba ta Baba ba ce.

"Wannan ba Cleophus ba ne," in ji Goggo. "Wannan gajere ne."

Na bi layin riguna ɗaya bayan ɗaya ina karanta sunaye, duk baƙaƙe wuluk da mai. Na kai ƙarshen ɗakin, na dawo na sake bi. Babu. Yaya Lamont ya daina dariya yana kallona, Goggo kuma ta ɗaga murya yadda har masu kallon mota suka waiwayo.

"Vernice! Ina yayana?"

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya ke nan sai ga Malama Noreen ta ratso mutane da sauri, takalminta na ƙwas-ƙwas. Ta kama hannun Mama. "Mama, tun ɗazu nake neman ku! Sun hana ni babban ɗaki, na yi magiya har na gaji. Na ce to su ba ni lungun hanyar fita. Ku zo ku ga abin da ya same ni!"

Lungun siriri ne, an yi shi ne don mutane su wuce kawai, amma babu mai wucewa. Mata ne cunkus, tsofaffi, baƙaƙe da farare, wasu da sanda, suna surutu kamar kasuwa. Malama Noreen tana cewa a ba da hanya, muka kutsa. Ga rigar Baba tsaye ita kaɗai a cikin gilashi, fitila a kanta, karin nan yana nan daram. A gefenta an ajiye tsohon bahon wanki da dutsen guga.

Mama ta ce ta manta tabarau, alhali ga shi rataye a wuyanta. "Karanta min," ta ce.

Na karanta ɗan allon da ke jikin gilashin. "Rigar aikin Cleophus Broadnax, mai ɗaura injin, shekara talatin da ɗaya. Wanki da guga: matarsa, Ozella Broadnax, shekara talatin da ɗaya. Duk rigar da kuka gani a ɗakin can, akwai wadda take wanke ta."

"Ga ta nan!" Goggo ta ƙwalla, ta ɗaga hannun Mama sama kamar wadda ta ci dambe. "Ga Ozella! Matar yayana ce, ni na raka ta ɗakin aure!"

Wurin ya kaure da tafi. Wata tsohuwa farar fata mai sanda ta matso ta ce, "Ke kika yi karin nan? Shekara ashirin da takwas ina wanke na mijina Stanislaw, ban taɓa fitar da man gwiwa ba. Yaya kika yi?" Wata ta ce ita da man girki take fara murza wurin, wata ta ce ƙarya ne, wannan ƙara ɓata tufa yake. Musu ya sarƙe. Yaya Lamont yana ta ɗaukar hoto yana share ido da hannun riga, yana cewa fitilar ce ta yi masa ƙarfi. Mai gadi ya zo ya ce a daure a matsa gaba, Goggo ta yi masa kallo ɗaya, ya koma inda ya fito.

Ni kuwa daɗi ya cika ni, kunya kuma ta fi daɗin yawa. Da na samu sarari na raɓa kusa da Mama na ce, ƙasa-ƙasa, "Mama, maganar da na faɗa miki ranar nan, ki yafe min."

Ba ta ɗauke ido daga kan rigar ba. "Na ga hannun, Vernice. Kin ɗauka ban san nasa ba ne? Wuni guda na yi zaune da ita a cinyata, na ɗora tafina a kan nasa, kafin in iya sa ta a ruwa." "Amma fita zai yi. Ban taɓa barin sa ya fita haka ba."

Kuka ya ƙwace min a gaban mutane, ban ko ɓoye ba. Mama ta matse hannuna sau ɗaya ta saki, sannan ta juya ga mai sandar nan ta ce, "Matso kusa, 'yar'uwa, in gaya miki. Kuskurenki, da ruwan zafi kike farawa."